Duba Masu Ciwon Zuciya Daga Nesa a Lokacin Annobar Korona

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce, "Gaba kura, baya sayaki." Cikin irin wannan hali masu ciwon zuciya suka sami kansu a shekarar 2020, sa'ad da annobar korona ta game duniya. In sun je asibiti suna tsoron kamuwa, ga shi kuwa cutar ta fi tsananta a kan irinsu. In sun zauna gida, ciwon ya yi ta cin su a ɓoye. A Ingila, yawan waɗanda ake kwantarwa saboda toshewar jijiyoyin zuciya ya ragu da wajen kashi 40 cikin ɗari kafin ƙarshen watan Maris na wannan shekara. A wannan 'yar maƙala za a yi ƙoƙarin bayyana yadda na'urorin da ake ɗaurawa a jiki suka taimaka, da kuma inda ƙarfinsu ya tsaya.

Yadda Na'urorin Ke Aiki

Dabarar tana da asali. Tun a 1949 wani Ba'amurke, Norman Holter, ya ƙera na'urar da ke aika bugun zuciya ta rediyo, sai dai nauyinta ya kai wajen kilo 38, goya ta ake yi a baya. Na zamanin nan kuwa ba su wuce agogon hannu ko filasta ba, kuma hanya biyu suke bi.

Ta farko ita ce ta lantarki. Duk sa'ad da zuciya ta buga, takan fid da ɗan lantarki wanda za a iya aunawa a fata. Filastar da ake kira Zio, alal misali, akan manna ta a ƙirji har kwana 14 tana tara wannan awo, sa'an nan a mayar da ita ta gidan waya. Ta biyu ita ce ta haske. Agogo kan haska koren haske cikin fata, jini kuwa yana shanye irin wannan haske. Da yake jinin kan ƙaru da kowane bugu, sai agogon ya ƙirga bugun daga hasken da ya dawo. Wayar hannu ce ke ɗaukar sakamakon, ta kai wa likita ta intanet.

Amfaninsu da Iyakarsu

Babban abin da ake nema shi ne wata rikicewa da ke sa ɗakunan zuciya na sama su riƙa karkarwa maimakon bugawa. Jini kan daskare a ciki, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa, ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Rikicewar takan zo ta tafi, wani lokaci ba tare da mai ita ya ji komai ba. Saboda haka awon kwana da kwanaki a gida kan kama abin da awon 'yan mintoci a asibiti ya rasa. Domin a sauƙaƙa wannan aiki ne hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sassauta ƙa'idojin wasu na'urorin awo daga nesa a watan Maris na 2020.

Amma fa na'ura ba ta yanke hukunci. A binciken Jami'ar Stanford da aka buga a 2019, an bi mutum fiye da 400,000 masu ɗaura Apple Watch. Cikin waɗanda agogo ya gargaɗa, aka kuma sake auna su da filasta, kashi 34 cikin ɗari ne aka tarar da rikicewar. Haka kuma, binciken Jami'ar Michigan na Disamba 2020 ya nuna cewa na'urar yatsa mai auna iskar oksijin, wadda ita ma da haske take aiki, ta kasa gano ƙarancin iskar ga baƙar fata kusan ninki uku na yadda ta kasa ga farar fata. Wannan abin lura ne ƙwarai gare mu.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa na'urar ɗan aike ce tsakanin majiyyaci da likita, amfaninta kuwa ya rataya ne ga samun ƙwararren da zai karanta saƙon, ya yi aiki da shi a kan lokaci. Wanda ya ji ciwo mai tsanani a ƙirji, ko numfashinsa ya ɗauke, to asibiti ya kamata ya nufa nan take, ko ana annoba, ko da kuwa agogonsa bai nuna komai ba.