Ciwon Ƙugu: Kafin Ku Kashe Kuɗi

'Yan'uwa, samarinmu da yawa da ke zuwa cin rani Kano suna kwana a Ɗorayi, suna dako a kamfanonin Sharaɗa, Chalawa da Bompai. Sau da yawa tsarabar da suke kawowa gida ita ce ciwon ƙugu, ɗan abin da suka tara kuma ya ƙare a allurai da ƙwayoyin kemis.

Akwai jiyyar daddanna gaɓoɓin baya da hannu, wadda aka soma a Amurka a 1895. Wani bincike a Birtaniya a 2004 ya nuna tana rage ciwon kaɗan, kuɗinta kuma ba asara ba ne. Sai dai ba ta fi motsa jiki da wani abin kirki ba, shi kuwa kyauta ne. Yawancin ciwon yakan lafa cikin mako 6, muddin mutum bai lafke a tabarma ba.

Amma in ƙafa ta mutu, ko fitsari na kuɓucewa, ko akwai zazzaɓi da rama, kada kowa ya danna bayan nan, ko mai ɗori ne. Tarin fuka yakan ci ƙashin baya. A kai shi Asibitin Ƙashi na Dala.