Hayar Lambu a Keffi

'Yan'uwa ɗalibai, yawancinmu 'ya'yan manoma ne, amma a Keffi baƙi ne mu, ba mu da gona. To, bari in bayyana yadda ake samun lambu a fadama, kamar ta bakin rafin Antau.

Hanya uku ce: aro, jingina da haya. Aro alheri ne, mai wuri yana iya karɓe abinsa. Jingina sai mai kuɗi. Saboda haka haya na fi so wa ɗalibi. A Ingila ma hukumar gari takan ba da hayar lambu, wajen murabba'in mita 250.

Kafin ka biya, tambayi maƙwabta ko ruwa yana kaiwa Maris. Sa'an nan a je gaban mai unguwa, a rubuta iyaka, da kuɗi, da ranar fita. Ranar nan ita ce magana, gama mai fadama yakan nemi wurinsa da faɗuwar ruwa a Afrilu. Alayyafo wata guda ya isa yanka, tumatir kuwa sai wajen wata biyu da rabi bayan dashe. Wanda ya dasa a Fabrairu ba takarda, ya yi wa wani noma.

Allah ya kiyashe mu.