Holan da Amurka: Wa Ke Ɗaukar Wanda Ya Faɗi?

Ya ku malamai da fatake na ƙasar Gobir, babu ɗayanku da bai san Holan ba, ko da bai san gabas take ko yamma ba. Atamfar nan mai tsada da ake ɗorawa a saman lefe daga wani garinta take fitowa, ana ce masa Helmond, inda aka kafa masana'antar Vlisco a 1846. Madarar gwangwani ta Peak da mai shayi ke hudawa da asuba ita ma asalinta na can ne. Amurka kuwa mun san ta da dala, wadda in ta motsa sai kuɗin taki da na magani su motsa har kasuwar Sabon Birni da ta Isa. Ƙasashen nan biyu duk mawadata ne, amma sun saɓa a kan wata mas'ala da ta fi damun mu a yau bisa gare su, watau in mutum ya tsufa, ko ciwo ya kwantar da shi, ko jarinsa ya karye, wa zai ɗauke shi.

Ku sani Holan ƙasa ce ƙarama. Faɗinta bai kai ninki biyu na Jihar Sakkwato ba, amma mutanenta sun kai miliyan 18, kuma wajen rubu'in ƙasar tudunsa bai kai tsayin ruwan teku ba. Da za a fasa ganuwar ƙasa da suka yi tsakaninsu da bahar, da birane da yawa sun koma gulbi. Wanda ya taɓa noman fadama a bakin Rima ya san wannan karatu, ruwa ba ya tambayar iyakar gona, in maƙwabcinka ya yi sakaci kai ma ka sha. Saboda haka tun ƙarni na 13 manoman Holan suka kafa majalisun ruwa, kowane gida da rabon ganuwar da zai tsare, daga baya aka mai da aikin ya zama kuɗi. Har yau majalisun suna nan, guda 21, da harajinsu dabam, da zaɓensu dabam. Da teku ya fasa ganuwar kudu maso yamma a daren da ya wayi 1 ga Fabrairu 1953, mutum 1,836 suka halaka, sai ƙasa duka ta ɗauki nauyin sabon gini na shekaru da yawa. Aikin gayya ne, amma gayyar da aka rubuta a littafi, wadda ba a cewa yau ba ni da sukuni.

Su kansu suna cewa daga ruwa suka koyi wannan hali, sa'an nan suka kai shi ga tsufa da cuta. A 1947 wani minista mai suna Willem Drees ya fitar da dokar ba tsofaffi matalauta abin masarufi, a 1957 yana firayim minista aka mai da ita fanshon kowa da kowa. Duk wanda ya zauna a ƙasar, ko ya yi aikin albashi ko bai yi ba, namiji ko mace, in ya cika shekara 67 za a yanka masa abin da zai ci kowane wata. A 1965 kuma dokar Marga Klompé ta fara aiki, ita ce mace ta farko da ta riƙe minista a can, wadda ta ce taimakon mabuƙaci haƙƙinsa ne a kan hukuma, ya daina zama alfarmar coci ko ta attajiri. Malamai za su gane wannan magana da sauri, domin haka fiƙihu ya ɗauki zakka: haƙƙin fakiri ce a cikin dukiyar mawadaci, mai bayarwa ba shi da gori.

Sha'anin asibiti ya fi ban sha'awa. Tun 2006 dole ne kowane baligi ya yanki inshorar lafiya a wurin kamfani, yana biyan kimanin Yuro 150 a wata, mai ƙaramin ƙarfi hukuma ta cika masa. Kamfani ba shi da ikon korar mutum don ya tsufa ko don yana da tsohon ciwo, ba shi da ikon ƙara masa kuɗi a kan haka. Yaro ƙasa da shekara 18 ba a biya masa kome. Ma'aikaci in ya kwanta ciwo, maigidansa zai ci gaba da ba shi kashi 70 cikin 100 na albashi har shekara biyu. Amma fa ba a banza ba. Mai babban samu ana karɓe masa kashi 49.5 cikin 100 na abin da ya haura wani haddi, kuma yawancin kayan kasuwa akwai harajin kashi 21 a kansu. Ɗan kasuwar da ya karanta wannan ya ji gabansa ya faɗi, ba a ga laifinsa ba.

Amurka ta bi wata hanya. Mutanenta sun tashi a kan cewa guminka naka ne, hukuma ta rage hannu. Ba wai babu kome ba: Shugaba Roosevelt ya kafa fanshon ma'aikata a 1935, Shugaba Johnson ya kafa kulawar asibiti ta tsofaffi da ta matalauta a 1965, an kuma faɗaɗa inshora a zamanin Obama a 2010. Amma mafi yawan masu ƙarfi a jika inshorarsu a hannun wurin aikinsu take, in aiki ya tafi ita ma tana iya tafiya, kuma a 2023 mutum wajen miliyan 26 ba su da ita ko kaɗan. Dokar tarayya ba ta tilasta wa mai kamfani ya biya mai jego ba, abin da dokar 1993 ta ba ta shi ne mako 12 babu albashi, alhali a Holan mako 16 ne da biya. Abin mamaki, Amurka tana kashe kusan kashi 17 cikin 100 na arzikinta a kan magani, Holan wajen kashi 10, duk da haka mutumin Holan ya fi daɗewa a duniya da shekara uku ko fiye bisa ƙiyasi. Sai dai a ba Amurkawa haƙƙinsu: suna da sakin hannu, sadakar da suka bayar da kansu a 2023 ta haura dala biliyan 500, kuma mai dabarar kasuwa yana saurin tashi a can fiye da Turai.

Akwai abin da ba za a ɓoye wa malamai ba. Holan ta saki linzami a kan al'amura da shari'armu ta hana: an kau da kai daga sayar da wiwi kaɗan-kaɗan tun bayan dokar 1976, an halatta gidajen karuwai a 2000, auren jinsi a 2001, da ɗaukar ran majinyacin da ya roƙa a 2002. Wasu sukan ce ai shi ne sakamakon hukuma ta ciyar da mutum. Wannan ƙiyasi bai tsaya ba, domin Amurka da ba ta ciyarwa haka ita ma ta halatta auren jinsi a 2015. Kuma wannan sakin linzami ɗin ne ya sa, bisa sulhun da suka yi a 1917 na biyan makarantun addini daidai da na gwamnati, yau baitulmalin Holan ke biyan albashin malamai a makarantun Islamiyya, waɗanda aka fara buɗewa a 1988. Littafin hukuma kuma yana da nasa zalunci: an tuhumi dubban iyalai, da yawansu baƙi, da cin kuɗin renon yara bisa ƙarya, aka tsiyata su, har gwamnatin Mark Rutte ta sauka a Janairun 2021.

To, mu fa? Maganar haraji da abin da talaka ke samu a madadinsa tsohuwa ce a ƙasar nan. Da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya sadu da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo a Magami, ya ƙi karɓar kyauta, ya roƙi abu biyar, cikinsu har da a sauƙaƙa wa talakawa haraji. A Kitabul Farƙi kuma ya zargi jangali da kuɗin gari da ake karɓa ba bisa shari'a ba. Tsarin da magabata suka bari shi ne zakka da baitulmali da wakafi: hatsin da ya kai ausuƙi biyar a fitar da ushurinsa in ruwan sama ya shayar da shi, rabin ushuri in ban ruwa ne. Jihar Sakkwato tana da hukumar zakka da wakafi, kuma a zamanin Gwamna Aliyu Wamakko an yanka wa naƙasassu naira 6,500 a wata. Amma zakkar hatsi sai an yi noma, noma kuwa sai an iya zuwa gona.

A watan Mayun 2020 'yan bindiga suka kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni a yini guda. A Disamban 2021 suka ƙone matafiya a cikin mota a wannan yanki. Tun 2019 dubun-dubatar mutane sun ƙetara zuwa jihar Maraɗi, kuma kafin Majalisar Ɗinkin Duniya ta kai wasunsu Garin Kaka da Chadakori, talakawan ƙauyukan can ne suka buɗe musu ɗakuna da rumbuna, don zumuncin Gobir bai san iyakar Turawa ba. Agajin waje ma yana janyewa: Amurka ta rufe hukumar USAID a 2025, Holan ta yanke shawarar rage nata.

Wanda ya ce mutanen gabas ba su biyan haraji bai yi lissafi ba. Suna biya, kuma da tsada. A Nijeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin magani daga aljihun majinyaci yake fita, ko da yake dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa. Mai ciki in haihuwa ta gardama, sai a sayar da tunkiya da dare a rabin kuɗinta. In an ɗauke mutum, sai dangi su sayar da gona da shanun huɗa. Bambancin shi ne mutumin Holan yana biya kafin masifa, tare da jama'a, kaɗan-kaɗan, mu kuwa muna biya bayan ta auku, kowa shi kaɗai, gaba ɗaya. Rayuwar Amurka ke nan babu dalar Amurka.

Ba kuma rashin iya tsari ba ne. Fatake sun san adashi, sai dai adashi bi da bi ake ɗauka, ba ya duban wanda ciwo ya kama a wannan wata. A ƙauyukan da 'yan bindiga suka aza wa miliyoyin naira kafin a bar su su girbe, dattawa sukan zauna su ƙidaya gidaje, su raba kuɗin gwargwadon ƙarfin kowa, a rubuta wanda ya kawo da wanda ya rage, a tara cikin kwanaki kaɗan babu gidan da aka tsallake. Sa'an nan a ɗaure kuɗin a buhu, a zaɓi wanda zai hau babur ya kai daji.