Sana'ar Dukanci a Maiduguri: Daga Fiɗa Zuwa Takalmi

Ƙasar Barno ƙasar kiwo ce, saboda haka tun kafin a kafa Yerwa a 1907 dukawa ba su rasa fatar aiki ba. Amma kyan takalmi ba a hannun baduku yake farawa ba. Daga wuƙar mahauci yake farawa, kuma nan ne aka fi yin hasara.

Idan aka yi fiɗa da wuƙa mai tsini, aka huda fata ko aka kankare ta, babu gwanin da zai iya ɓoye tabon. Haka nan fatar da aka shanya a ƙasa cikin tsananin rana, bayanta ya bushe cikinta ya ruɓe, sai an jiƙa ta a majema aibinta ke fitowa. Ya kamata a shanya ta a inuwa, a ɗame bisa itace, ko kuwa a zuba mata gishiri tun tana ɗanya. Makiyayan da ke yi wa shanu shaida da wuta a gadon baya su ma suna ɓata wurin da ya fi daraja.

Majemi yakan jiƙa fata cikin ruwan toka har gashi ya saki, ya kankare, sa'an nan ya tsoma ta cikin ruwan bagaruwa, wadda ke hana ta ruɓewa. Daga bisani a shafa mata man gyaɗa don ta yi laushi. Ja daga karan dafi ake samunsa, baƙi kuwa daga ruwan da aka jiƙa kashin maƙera.

Baduku yakan yanka ƙasan takalmi daga kirgin sa, ya riɓanya shi, ya rufe da fatar akuya, ya ɗinke da basilla. Irin wannan takalmi yana shan gumi, abin da na roba ba ya yi, in kuwa ya tsinke ana gyara shi. Sai dai na roba ya fi araha, kuma masu cin ganda suna rige majema sayen fatar shanu, kirgi ya yi tsada. Gobarar da ta cinye Kasuwar Monday ranar 26 ga Fabrairu, 2023 ta ƙara wa masu ƙananan sana'o'i nauyi.

Mai son koyon jima da ɗinkin takalmi na zamani yana iya neman shiga Cibiyar Kimiyyar Fata ta Tarayya da ke Samaru, Zariya.