Zafin Hayaƙi da Jan Kaya da A-kori-kura Mai Shan Gas

A ƙasar Amurka, inda al'ada ta gudana manomi ya ƙulla tirelar shanu ko ta dawaki a bayan motarsa, mai iyali kuma ya ja ɗakin kwana mai tayoyi zuwa wurin hutu, an daɗe da sanin wata mas'ala wadda galibin direbobinmu ba su ba ta haƙƙinta ba, watau zafin hayaƙin da ke fita daga inji sa'ad da mota ke jan kaya mai nauyi. Tun da kamfanin Dodge ya sa injin Cummins a cikin a-kori-kurarsa a shekarar 1989, Ford ya biyo baya da Power Stroke a 1994, General Motors kuma da Duramax a 2001, ma'abota waɗannan motoci suka fahimci cewa inji yana iya halaka a kan hawa alhali allurar ruwan lagireto tana zaune a tsakiya, ba ta nuna wani aibi ba.

Sababin haka yana cikin ɗabi'ar injin gas kansa. Ba shi da fulogi. Iska ake matsewa a cikin silinda har ta yi zafi matuƙa, sa'an nan nozul ya fesa gas ya kama da wuta, kuma lafiyarsa ta rataya ne a kan iskar ta fi abin da man ke bukata, domin rarar iskar nan ita ke kwashe zafi ta fita da shi. To, idan direba ya tunkari hawa da lodi, ya bar mota a babbar giya, ya danne totur har ƙasa, injin yana juyawa a hankali yana nishi, sai gas ya yawaita iska ta ƙaranta, ƙonewar ta yi jinkiri, har bawul ya buɗe wuta ba ta gama ci ba, ta bi hayaƙi ta fito ta dafa bakin fistin da bawul da fukafukan tobo. Baƙin hayaƙin nan da ke turnuƙewa daga salansa shi ne shaidar farko. Ruwan lagireto kuwa yana da yawa, yana ɗaukar mintuna kafin ya ɗumama, alhali hayaƙi yana iya haurawa da digiri ɗaruruwa cikin 'yan daƙiƙoƙi, saboda haka allurar ruwa takan kawo labari ne bayan ɓarna ta riga ta auku.

Don haka masu jan kaya a can suke ƙara wani ma'auni na musamman a gaban direba. Ana huda bututun da ke tattara hayaƙin silindoji, a ɗaura wani ɗan tsinken ƙarfe wanda bai wuce kaurin fensir ba, bakinsa yana tsakiyar hayaƙin, waya kuma ta kai saƙonsa zuwa allura. Ƙa'idar da ta shahara a tsakaninsu ita ce kada a dawwama sama da digiri 1,250 a ma'aunin Faranhait, watau kimanin 675 a ma'aunin Salshiyos, idan tsinken yana gabanin tobo. Wanda ya san cewa fistin na alminiyam ne, kuma tsantsar alminiyam tana narkewa a digiri 660 na Salshiyos, zai yi mamakin yadda inji ke tsira a wannan haddi. Amsar ita ce baƙin mai yana fesuwa a ƙarƙashin fistin, sabuwar iska kuma tana shiga a kowane zagaye, don haka ƙarfen bai kai zafin hayaƙin ba muddin ba a tsawaita ba. Haurawa na ɗan lokaci wajen wuce wata mota ba shi da illa mai yawa. Dawwama a kan dogon hawa ita ce ke fasa fistin. Wajibi ne kuma mai mota ya san inda aka dasa tsinken, gama wanda ke bayan tobo yakan nuna ƙasa da haƙiƙa da digiri 100 na Salshiyos ko fiye, kuma mutane da yawa sun ruɗu da wannan.

Babbar jarrabawar motocin nan tana jihar Kolorado, a kan babbar hanya mai lamba 70, inda ake hawa wajen kilomita 12 daga garin Silverthorne zuwa ramin Eisenhower, wanda aka buɗe a 1973 a tudun da ya kai mita 3,400. A can nauyin iska ya ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari, tobo yana wahala wajen cike giɓin, zafi kuwa yana hawa tun mota ba ta kai rabin tudu ba. Maganin da direba ke da shi a hannunsa mai sauƙi ne, ko da yake yana saɓa wa son zuciya: ya sauko giya ɗaya, inji ya ƙara juyawa ya zuƙi iska mai yawa, ya ɗan ɗaga ƙafa daga totur, ya yarda a wuce shi. Nan take allura za ta fara ja da baya. Duk wanda ya taɓa bin Hawan Kibo zuwa Jos a bayan mota mai lodi tana aman baƙin hayaƙi ya ga wannan mas'ala da idonsa, ko da tudun bai kai na Kolorado ba.

Akwai kuma abin da ke tauye wa inji iska tun kafin a kai ga hawa: matacin iska da ƙurar hunturu ta toshe, ko robar bututun tobo da ta tsage tana fitar da iska da ɗan fito, ko na'urar sanyaya iska da laka ta like mata fuska. Mafi muni a ganina shi ne ƙara wa inji gas da gangan, ko ta hanyar taɓa famfo ko ta sauya lissafin kwamfutar mota, don neman ƙarfi, ba tare da an ƙara masa iska ko an sa ma'auni ba. Lalle mota za ta yi ƙarfi, amma an cire mata katangar da masu ƙera ta suka gina.

Motocin gas da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 2007 suna da matacin toka a cikin salansa, wanda kwamfuta kan ɗumama da gangan zuwa wajen digiri 600 na Salshiyos don ƙone abin da ya taru, kuma ita kanta takan rage gas idan zafi ya ƙetare haddi. Tsofaffin motoci, waɗanda su ne suka fi yawa a hannun jama'armu, ba su da wannan mai tsaro sai direba.

Saura ladabin tsayawa. Tobo yana juyawa fiye da sau 100,000 a minti, baƙin mai ne kuma ke sanyaya boris ɗinsa; idan aka kashe inji nan take bayan doguwar wahala, man ya daina gudana, ragowarsa ta ƙone ta zama gawayi a cikin boris, sannu a hankali tobo ya lalace. Saboda haka idan an iso tasha ko gidan mai daga kan tudu, sai a bar inji a silo minti uku zuwa biyar, ko kuwa har allurar hayaƙi ta sauko ƙasa da digiri 200 na Salshiyos, kana a murɗa makulli.