Yadda Amurka Ta Ɗauki Hayar Masu Sa Ido a Fagen Fama

Tun da Amurka ta shiga Afganistan a 2001, ta kuma auka wa Iraƙi a 2003, sojanta bai taɓa fita shi kaɗai ba, domin kuwa a bayan kowace runduna akwai wata ta 'yan kwangila, masu dafa abinci, da masu jigilar mai, da masu gadi, waɗanda a 2010 adadinsu a ƙasashen biyu ya haura 260,000, har a wasu lokuta suka fi sojojin yawa. Wannan ba baƙon abu ba ne. Abin da ya cancanci nazari shi ne, da kwangiloli suka yawaita, alhali tun bayan yaƙin cacar baka an zaftare jami'an saye-saye na ma'aikatar tsaro, sai hukuma ta rasa masu bin diddigi, ta koma ta ɗauko waɗansu kamfanonin ta danƙa musu duba aikin na farko.

A 2004 aka ba Aegis, wani kamfanin Ingila, kwangilar dala miliyan 293, wadda ta haɗa da tsara zirga-zirgar sauran kamfanonin tsaro a Iraƙi. A 2007 kuma aka ɗauki kamfanin Serco ya taya soja lura da babbar kwangilar ciyarwa da ɗawainiyar dakaru, wadda kamfanin KBR ya daɗe yana riƙe da ita. To, a nan gizo ke saƙar, domin wanda ke zaune a ofishin hukuma yana tantance takardun neman biya, yana rubuta sharuɗɗan aikin da za a bayar gobe, yana kuma ganin farashin abokan takararsa, alhali albashinsa daga kamfani yake fitowa, ko da shi adali ne, an riga an buɗe masa ƙofar zato. Idan kuwa ba adali ba ne, an ba kura ajiyar nama.

Illar sakaci ba a kan dukiya kaɗai take tsayawa ba. A watan Janairun 2008 wutar lantarki ta kashe wani sojan Amurka yana cikin wanka a Bagadaza, kuma bincike ya ɗora alhaki a kan kamfanin da ke kula da ginin da jami'an da ya wajaba su duba shi.

Malaman fiƙihu sun ƙidaya hisba, wato aikin sa ido a kan mu'amalar jama'a, cikin muƙaman da shugaba ke naɗawa, saboda tsaron baitulmali da haƙƙin jama'a amana ce a wuyansa. Dokar Amurka ma ta ware ayyukan da ba ya halatta a miƙa wa ɗan kasuwa, sai dai iyakarsu ta ɓace a ƙurar yaƙi. Hukumar da majalisar dokokin ƙasar ta kafa don binciken kwangilolin yaƙi ta ƙiyasta, a rahotonta na 2011, cewa tsakanin dala biliyan 31 da biliyan 60 sun salwanta ta hanyar almubazzaranci da zamba.