Batir Na Biyu Don Firjin Mota: A Yi Lissafi Kafin A Biya

 Maganarmu ta yau a kan batir ce, watau batir na biyu da ake ƙara wa mota domin ya riƙe ɗan firjin nan na tafi-da-gidanka. Masu kai yogot da fura da nono da kunun aya da ɗanyen kifi kasuwannin ƙetaren kogi, Kakuri da Barnawa da Sabon Tasha har Gonin Gora, sun fara ajiye kula da ƙanƙara suna komawa gare shi. Da can mutum kan bar inji yana aiki domin firji ya yi sanyi, amma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 wannan ya zama ƙona riba. In kuwa ka kashe inji ka bar firji a kan batirin mota, da la'asar sai ka nemi masu turi. Shi ya sa ake neman na biyu, kuma a nan ne kuɗin mutane da yawa ke halaka, gama suna sayen batirin da ba na aikin ba.

Batirin tayar da mota da batirin riƙe firji ba abu ɗaya ba ne, ko da yake akwatinsu ya yi kama. Na mota an cika shi da farantan darma sirara masu yawa, domin ya ba da wuta mai ƙarfi ta 'yan daƙiƙu, inji ya tashi, altaneta ta mayar masa da abin da ya bayar nan take. Firji kuwa ba ya son ƙarfi, tsotso yake yi kaɗan-kaɗan dare da rana. Siraran farantan nan ba su jure a zuƙe su ƙasa kullum, sai su riƙa zubewa, cikin 'yan watanni batir ya mutu. Na riƙe firji farantansa masu kauri ne, irin wanda masu sola da inbata ke nema. Saboda haka in mai shago ya nuna maka babbar lamba kusa da haruffan CCA yana yabo, ka sani wannan ƙarfin tayar da inji ne, ba ruwan firjinka da shi. Lambar da ta shafe ka ita ce ta gaban haruffan Ah. Ita ce mudun batir, ita ke faɗa maka yawan abin da ke ciki.

To ga lissafin, kuma ba ya fi ƙarfin wanda ya iya lissafin buhu da tiya. Firji mai kwamfureso na lita 40 zuwa 50 yana jan kamar amfiya 4 lokacin da yake aiki. Ba kullum yake aiki ba, yana yi yana hutawa. Da hunturu hutunsa ya fi aikinsa yawa, amma da bazara, watan Maris da Afrilu, sa'ad da zafin Kaduna ke wuce digiri 35, sai ka ɗauka rabin lokaci yana aiki. Awa 12 sau 4 ya ba ka 48, a ce Ah 50 a kwana ɗaya. In daskarar da kifi kake yi, ko yaronka yana buɗe murfi duk bayan minti biyar, ƙara a kai.

Yanzu ga inda ake tuntuɓe. Batirin darma mai Ah 100 ba ɗari yake ba ka ba. Rabi naka ne, rabi nasa. In ka saba wuce rabi kana cin nasa, kana rage masa kwana ne da hannunka. Ashe ke nan mai buƙatar 50 a kwana, ɗari zai saya, kuma wannan na kwana ɗaya ne cak, ba rara. Wanda kuwa wuni kawai yake yi a kasuwar Litinin ta Kakuri, daga ƙarfe takwas zuwa shida, ya koma gida ya jona firji a wutar gida in an kawo, abin da zai ci bai fi 30 ba, mai Ah 70 ya ishe shi. Kada dillali ya ɗora masa na ɗari biyu, nauyi ne kawai da ɗaure jari.

Kafin mu wuce, akwai wata kula mai fanka da ake sokawa a wurin kunna taba na mota, ana sayar da ita da sunan firji. Ba ta da kwamfureso, ba ta hutawa, tana jan amfiya 4 ko 5 ba tsayawa, kuma iyakarta ta rage zafin waje da kamar digiri 20. Ranar da waje yake 38, cikinta 18 ne, kunun aya ba zai kai yamma ba. Wannan ba a saya mata batir.

Batiran da suka dace da aikin iri uku ne a kasuwa. Akwai mai ruwa, wanda ake buɗe murfinsa ana ƙara masa tataccen ruwa, har da dogon nan na inbata. Shi ya fi araha in an auna da mudunsa, kuma a ɗaki yana daɗewa, amma mota ba ɗaki ba ce. Mai Ah 200 yakan kai kilo 60, gargada tana watsa ruwansa, ruwan kuwa yana cin ƙarfe da tufa, sa'an nan lokacin caji yana fitar da iska mai kama wuta. A bayan a-kori-kura, a ɗaure cikin akwati mai shan iska, to da sauƙi. A cikin rufaffiyar mota inda mutane ke zaune, a'a. Akwai kuma rufaffe, wanda ake rubuta wa AGM ko ake ce wa jel. Shi ma darma ne, dokar rabi tana kansa, amma ba ya zuba, yana jure girgiza, kuma in an kula da shi yakan yi zagaye ɗari huɗu zuwa shida, watau cika da saukewa. A ganinmu ga mai ƙaramin jari shi ne tsaka-tsaki.

Na uku shi ne litiyam, wanda aka rubuta wa LiFePO4. Mai Ah 100 nauyinsa kamar kilo 12 ne, yana ba ka 80 zuwa 90 daga cikin ɗarin, yana shan caji da sauri, kuma zagayensa yakan wuce dubu biyu. Kuɗinsa ne ke tsorata mutane. Amma ɗan kasuwa ba ya tsayawa a kan kuɗin buhu sai ya ji mudu nawa ke ciki. A ce ma an ninka maka kuɗin jel sau biyu: ka sami kusan ninki biyu na wutar da za ka iya ɗiba, da kwana ninki uku ko huɗu. Wanda ke fita da firji kullum, litiyam ne mai araha gare shi. Wanda sai ranar kasuwa yake fita, sau ɗaya ko biyu a mako, jel zai yi masa shekaru, ba dalilin ɗaure kuɗi. Sai dai a kiyayi wanda aka harhaɗa a shago da tsofaffin ƙwayoyin batirin kwamfuta, wannan wani irin litiyam ne daban, shi ne mai saurin kama wuta. Na kirki yana da allon tsaro a cikinsa, ana rubuta BMS, mai yanke wuta in caji ya yi yawa ko ya yi ƙasa.

Sayen batir rabin magana ne, sauran rabin shi ne ta ina zai cika. Ba a ɗaure batir biyu da waya kai tsaye a bar su, gama firji zai sha duka biyun tare, an koma gidan jiya. Ana sa rile a tsakani, mai haɗa su idan inji ya tashi, ya raba su idan an kashe. Ga tsofaffin motoci, irin Peugeot 504 da kamfanin PAN ya yi ta haɗawa a nan Kakuri, kamfanin da ya fara aiki a 1975, rile ya wadatar, domin altanetarsu tana ba da bolt 14 ko kusa da haka muddin inji yana juyawa. Sababbin motoci da yawa kwamfuta ke sarrafa altanetarsu, tana rage wuta da zarar batirin gaba ya ƙoshi, na baya ya zauna da yunwa. Waɗannan, da duk wanda ya sa litiyam, sai da caja ta musamman da ake rubuta wa DC-DC, in ba haka ba litiyam yana iya jan wuta har altaneta ta yi zafi ta ƙone. Kuɗin caja da waya mai kauri da fis a kowane gefe kusa da kan batir, duk a sa su cikin lissafi tun farko. Direban babbar mota mai bolt 24 kada ya yarda mai rewaya ya ja masa waya daga batir ɗaya cikin biyun, zai kashe su duka. Yawancin firjin nan suna karɓar 24 ɗin kai tsaye, a duba jikinsa.

Har wa yau a duba nisan tafiya. Caja mai amfiya 20 tana buƙatar awa biyu da rabi kafin ta mayar da Ah 50, darma ma ya fi haka, domin ƙarshen cikarsa a hankali yake sha. Mai zuwa Abuja ko Kafanchan hanya za ta cika masa. Mai tashi daga Narayi ya sauka Kakuri kuwa bai mayar da komai ba. Batirin darma da ke kwana da rabin ciki kullum, wani farin gishiri yake kama farantansa ya taurare, mudunsa ya yi ta raguwa. Irin wannan mutum sai ya ɗora allon sola a rufin mota, mai wat 100 yakan ba da kamar Ah 25 zuwa 30 a rana mai haske, ko ya riƙa caji a gida kowane dare. Zafi ma maƙiyi ne: duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana raba kwanan batirin darma biyu. Kada a sa shi kusa da inji, a nema masa inuwa a baya.

Saura maganar dillalai da na hannu. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma akwai gwajin da ke rage asara. Na farko sikeli. Darma ba ta ƙarya: rufaffen batir mai Ah 100 na gaskiya yana tsakanin kilo 28 da 32. In an rubuta ɗari ya hau sikeli ya tsaya a 20, takarda ce aka liƙa. Sai mita. Batirin da ya cika ya huta 'yan awoyi yana nuna 12.6 ko 12.7, wanda ya yi rabi yana nuna kamar 12.2. Amma mataccen batir da aka sauke daga caji yanzu shi ma yakan nuna lamba mai kyau, haka kuma tartsatsin da ake nuna maka da guntun waya ba shaida ba ne. Gwajin da ba a iya yi masa dabara shi ne ƙwan fitilar mota mai wat 55, wanda jan wutarsa ya yi daidai da na firji. A jona shi da safe, a bar shi awa goma, a cire, batir ya huta awa ɗaya, a auna. In ya nuna 12.1 ko sama, ɗarin nan tana nan. In fitila ta dushe kafin azahar, a mayar wa mai shi. Dillalin da ya amince da kayansa ba zai ƙi wannan sharaɗi ba, sai a bar kafin alkalami a hannun shaida har gwaji ya ƙare.

Dogayen batiran nan da ake cirowa daga turakun kamfanonin waya, wasu an yi gwanjonsu bisa ƙa'ida, wasu kuwa na sata ne, kuma wanda aka kama da kaya a shagonsa shi ake tuhuma. A nemi rasit mai suna da lambar batir. In sabo ne, a duba watan da aka yi shi, gama wanda ya shekara a kan kanta ba caji ya riga ya fara tsufa, kuma a sa mai shago ya rubuta watannin garanti a kan rasit. Tsohon da ya mutu kuma kada a bar wa yara su fasa. Masu sayen darma suna biyan kuɗinsa bisa nauyi, yawancin masu shago ma sukan karɓe shi su rage maka a kuɗin sabo, sai ka auna shi a sikelinka kafin ka kai.